Kwalayen Baffa ne suka sa ni koyon Sinanci

Ni dai aikina a mustauda ne, wato sito na ajiyar kaya, nan kudancin Jidda, wajen Baffana ƙanin mahaifina. Kayan tsarabar alhazai muke saukewa mu raba wa masu shaguna na Balad da Bab Sharif da wasu a Makka, carbi, sallaya, huluna, jakunkuna, zobba, kwalaben turare waɗanda ba a zuba komai a ciki ba, da ɗan agogon nan mai kiran sallah. In ka cire dabino da zamzam, wallahi mafi yawan abin da alhaji yake kaiwa gida yace tsarabar Makka ce daga Chana ya fito, galibi daga wani gari da ake kira Yiwu a lardin Zhejiang inda babbar kasuwar ƙananan kaya take. Shekara wajen bakwai ina ɗaga kwalayen nan ina saukewa, rubutunsu yana gabana kullum, wani ja wani baƙi, amma ban taɓa ɗaukarsa magana ba. Zane kawai nake gani.

Wata rana kwantena ta iso da yamma, ga zafi ga ruɗubar Jidda wadda riga take manne wa mutum a baya, muna sauri mu gama kafin magariba, sai muka jera kwalayen kwalabe a ƙasa muka ɗora dilolin sallaya a kansu. Da safe da muka buɗe, kwali uku sun zama gari. Baffa bai yi faɗa ba, shi ba mai faɗa bane, ya dai tsuguna ya ɗora yatsa kan wasu jajayen zane guda huɗu a gefen kwalin yace, wannan me suka ce? Mu biyar a wurin babu wanda ya sani. Yace to sun yi mana magana, mu ne bamu ji ba. Ya tashi ya tafi ofis.

Maganar ta tsaya min a rai. Da daddare na je gidan yayata a Kandara, na nuna wa 'yarta hoton a waya don na san ana koya musu yaren Chana a makaranta. Yarinya 'yar aji ɗaya a mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, ta kalla tace, Kawu biyun ƙarshe bamu zo wurin ba, amma na farkon 小 ne, xiǎo, ƙarami, na biyun 心, xīn, zuciya, in an haɗa su ana nufin yi hattara, malamarmu tana faɗa mana in muna gudu a matakala. Ƙaramar zuciya. Wato ka ƙanƙantar da zuciyarka, ka bi a sannu. Daga baya na gano sauran biyun 轻放 ne, ajiye a hankali. Ban san me ya sa ba amma kalmar nan ta ƙaramar zuciya ta shige ni sosai, mu ma ai da zuciya muke auna mutum, muce mai farar zuciya, muce zuciyarsa ta mutu, muce ya yi zuciya. Tun a daren nace mata gobe zan zo da daftari.

Ga waɗanda ke gida Najeriya da Nijar da basu san zancen ba, a watan Fabrairun 2019 ne lokacin da Yarima Muhammad bin Salman ya kai ziyara Beijing aka sanar cewa za a sa Sinanci cikin manhajar makarantun Saudiyya. Aka fara gwaji da 'yan makarantu kaɗan, sai a 2024 malamai 175 suka iso daga Chana aka raba su, Jidda tana cikin wuraren da aka fara. Wasu iyaye a unguwarmu sun yi ta ƙorafi wai yaro bai gama da Larabci da Turanci ba za a ƙara masa kaya. Ni ina ganin uzurinsu, amma duk wanda ya hau jirgin ƙasan Masha'ir daga Mina zuwa Arfa ya hau aikin kamfanin Chana ne, tun 2010 yake jigilar alhazai, wayar da ke hannun yawancinmu ma haka. Mutanen nan sun riga sun shigo rayuwarmu, sai dai mu zaɓi mu ji me suke cewa ko kar mu ji. Kuma duk wanda na gaya wa na fara sai ya jawo min maganar nan ta a nemi ilimi ko a birnin Sin ne. Malaman hadisi sun ce bata inganta daga Annabi sallallahu alaihi wa sallam ba, don haka bana kafa hujja da ita, na dai san tun muna yara in kaka tana son tace abu ya yi nisa sai tace birnin Sin. Yanzu birnin Sin yana aiko min saƙon murya a WeChat ƙarfe huɗu na asuba, don suna gabanmu da awa biyar.

Abin da kowa ya tsoratar da ni da shi shine karin sauti. Abokan aikina Larabawa da suka taɓa gwadawa suka ce nan suka ajiye, wai kalma ɗaya ce sai a rera ta kala huɗu ta ba da ma'ana huɗu. Misalin da kowa yake bayarwa shine ma: in ka riƙe muryar a sama mā uwa ce, in ka hau da ita má wani tsiro ne irin rama da ake igiya da shi, in ka sauke ta ƙasa mǎ doki ne, in ka sare ta daga sama zuwa ƙasa mà zagi ne. Na shiga da fargaba. Sati biyu ina saurare sai na tsaya nace tsaya, ai mu ma haka muke magana! Kukan yaro da kukar miya, wuyan riga da wuyar aiki, fari na launi da farin da ake yi in damina ta ƙi, a boko duk iri ɗaya muke rubuta su amma babu Bahaushen da zai rikita su a kunne. Mun tashi da abin ne bamu san sunansa ba. Balarabe sai ya fara koya wa kunnensa cewa hawa da saukar murya na iya canza kalma, mu kuwa tun a goye aka bamu wannan.

Inda na fi jin daɗinsa shine kalmomi biyu da ɗan kasuwa ba zai iya gudunsu ba, saye da sayarwa. Saye mǎi, sayarwa mài. Ka ga in ka kuskure murya ka juya cinikin gaba ɗaya. Na yi kwanaki ina fama, rannan ina tuƙi a titin Madina ina ta maimaitawa sai na ji ashe mài na sayarwa daidai yake da yadda muke faɗin mai, wato man mota ko man gyaɗa, murya ta faɗo daga sama. Shi kuma mǎi na saye in yana tsakiyar magana a ƙasa yake zama, kusan yadda muke faɗin mai a cikin mai gida ko mai shago. Daga ranar ban sake rikita su ba. Wanda ya bani wuya shine na biyu mai hawa, don mu bamu cika hawa da murya a cikin gaɓa ɗaya ba sai in tambaya muke, sai na riƙa tuna yadda mutum yake cewa iye? in an kira shi bai ji da kyau ba. Kuma akwai wata ƙa'ida da 'yar yayata ta nuna min, in masu sauka ƙasa biyu suka haɗu na farkon sai ya koma mai hawa, shi ya sa nǐ hǎo, gaisuwarsu, a baki ní hǎo ake ji.

Pinyin kuwa, wato rubuta sautinsu da haruffan boko wanda gwamnatinsu ta amince da shi a 1958, taimako ne babba amma yana da tarko ga wanda ya saba da Hausar boko. Ka ga c sai bakinka ya tafi wajen ci da cika, alhali nasu c ya fi kusa da ts mai fitar da iska. Wanda ya yi kama da c namu shine q. Shi kuma x wani siririn sh ne, harshe a bayan haƙoran ƙasa. Bambancin b da p a wurinsu iska ce kawai, nakan riƙe tishu a gaban baki, in ya motsa p na faɗa, in bai motsa ba b. Wannan ba zan daɗe a kai ba, kunne da maimaici ne maganinsa.

Rubutun shine ainihin abin da ya kama ni, kuma shi nake so in daɗe a kai.

Farko da waya na fara kamar kowa. Manhaja ta nuna min harafi, in zaɓi ma'anarsa cikin huɗu, ta buga min ƙararrawa tace na ci. Wata guda ina haka ina jin na san haruffa wajen tamanin. Sai yarinyar nan ta miƙo min farar takarda tace Kawu rubuta 我, wǒ, wato ni. Harafin da nake gani sau ashirin a rana. Na riƙe biro, na san kamanninsa kamar yadda na san fuskar maƙwabcina, amma hannuna bai san ta ina zai fara ba. Ja bakwai ne kacal. Ashe su kansu 'yan Chana suna da suna ga wannan ciwon tunda waya ta yawaita, tíbǐ wàngzì, ka ɗauki alƙalami harafi ya gudu. A nan na gane ido yana iya sanin abu hannu bai sani ba, kuma wanda hannu bai sani ba baya daɗewa.

Sai na tuna malaminmu na allo. Mu da muka tashi a unguwar Karantina ta Jidda a wancan lokacin akwai wani dattijo mutumin Damagaram, Allah ya jiƙansa da rahama, da yake tara mu bayan la'asar, da allunan katako da tawadar da yake dafawa da kansa da alƙalamin gamba da ake kawo masa daga gida. Ba wai ina haɗa karatun Alƙur'ani da wani karatu bane, Allah ya kiyaye, hanyar koyarwar nake nufi. Ya rubuta maka, ka bi da yatsa kana faɗa da ƙarfi, ka haddace, ka biya masa, sannan yace je ka wanke. Ba a yi maka ƙari sai na jiya ya zauna. Kuma duk Laraba tilawar baya. Na je maktaba na sayi ƙaramar sabbura, wato farin allon da ake gogewa, irin ta yara da alƙalaminta, riyal goma sha biyar, da daftari mai murabba'i. Su suna da takardar koyo ta musamman da kowane akwati aka raba shi huɗu kamar harafin 田, gona, don ka san inda kowane ja zai zauna, ni da rula na ja nawa. Tsarina yanzu haruffa uku a rana, bayan sallar asuba kafin in fita. In rubuta ina kallo sau biyar ina faɗin sautin da ƙarfi, in goge, in rubuta da ka. In na kasa babu ƙari ranar. Manhajar Anki ita ke tuna min na baya, ita ce tilawata, amma ko ita in ta nuna ma'ana sai na rubuta a sabbura kafin in duba amsa.

Kuma ja ɗin yana da tsari, ba yadda ka ga dama ba. Sama kafin ƙasa, hagu kafin dama, na kwance kafin na tsaye. Ɗauki 口, kǒu, baki. Kowa zai ce ja huɗu ne tunda akwati ne, alhali uku ne: ka sauko ta hagu, sannan ka ja ta sama ka karya kwana ka sauko ta dama ba tare da ka ɗaga hannu ba, sannan ka rufe ƙasa. Da farko nace meye amfanin wannan tunda in an gama duk ɗaya ne. Ba ɗaya bane. In ka bi tsarin hannu ne yake riƙe harafin, kamar yadda ba ka tunani kafin ka rubuta bismillah, hannun ke tafiya da kansa. Kuma ko ƙamus ɗin Pleco da nake zana masa harafi da yatsa ya fi saurin ganewa in na bi tsari. Wanda na fi so shine dokar akwati mai kaya a ciki, irin 国, guó, ƙasa: ka gina bango uku, ka shigar da abin ciki, sannan ka ja na ƙasa. A shiga ɗaki tukunna kafin a rufe ƙofa.

Na farkon suna da daɗi don kusan hoto ne. 一 二 三, ɗaya biyu uku, layi ne kawai ka ƙirga. 人 mutum, ƙafa biyu yana tafiya. Ya buɗe hannuwa ya zama 大, babba. Ka ja masa layi a ka ya zama 天, sama ko rana ta kwana. 木 itace, biyu 林 kurmi, uku 森 dajin da ya yi duhu. 日 rana da 月 wata in sun zauna tare 明, haske. 山 dutse mai kawuna uku, duk sanda na rubuta shi duwatsun hanyar Ɗa'if nake gani. Saye da sayarwa ma a rubuce ga su, 买 da 卖, bambancin ɗan abin da ke kan na biyun ne kawai, nace ai wannan 'yar talla ce da farantinta a ka, mai saye kuwa kansa babu komai. Amma kar wani ya ruɗe ka yace duk rubutun Chana hoto ne, wannan daɗin na satin farko ne. Mafi yawansu gida biyu ne aka haɗa, ɓangare ɗaya ya nuna dangin ma'ana, ɗayan ya nuna yadda ake faɗa.

Ni wannan ɓangaren ma'anar ina kiransa askar gida. Yadda kakanninmu suke kallon tsagar fuskar mutum su ce wannan Bagobiri ne, wancan Bakabe, tun bai buɗe baki ba, haka in ka ga ɗigo ukun nan 氵 a hagu ka san dangin ruwa ne: 河 kogi, 海 teku, 洗 wanki. In ka ga ɗan baki 口 to abin baki ne, 吃 ci, 喝 sha. In 讠 ne magana ce, 说 faɗi, 语 harshe, 谢 godiya. Tsohon ƙamus ɗinsu na zamanin sarki Kangxi, na 1716, ya jera irin waɗannan guda 214, amma waɗanda kake cin karo da su kullum basu kai haka ba. Sai ka dawo kan doki, 马, mǎ. Sa masa alamar mace a gefe ya zama 妈, uwa. Sa masa baki ya zama 吗, ɗan ma ɗin da suke sawa a ƙarshen tambaya kamar yadda muke cewa ko. Dokin ba ruwansa da ma'ana a nan, sautinsa aka ara. Ranar da na fahimci wannan ji nayi kamar an kunna fitila a mustauda, kwalayen da nake gani baƙi ƙirin suka fara rabuwa gida gida.

Sai dai akwai masu kama da juna da ke buƙatar natsuwa. 大 babba, sa ɗigo a ƙasa 太 ya yi yawa, maida ɗigon sama ta dama 犬 kare. 土 ƙasa da 士 bambancinsu wane layi ya fi tsawo. Wanda ya yi allo wannan ba baƙo bane a wurinsa, ba da ta da sa ai ɗigo ne ya raba su, mu da muka fara da rubutun Warshu muka dawo makarantar gwamnati ma sai da muka sake koyon inda ɗigon fa da ƙaf yake zama. Haruffan da nake koyo sauƙaƙaƙƙu ne, waɗanda aka rage wa ja tun daga 1956, su ake amfani da su a babban yankin Chana. Taiwan da Hong Kong suna nan da na da, dokinsu 馬 ja goma, namu uku.

Nahawun kam alhamdulillah, wanda ya sha wuyar sarfu zai ji kamar hutu ne. Aikatau baya canzawa, babu na jiya babu na gobe, babu namiji babu mace a baki, shi da ita duk tā ne sai a rubuce ake raba su 他 da 她. Abin da ke akwai shine kalmar ƙirga, ba ka cewa littafi uku kai tsaye sai ka sa wata kalma a tsakani gwargwadon irin abin, kamar yadda muke cewa ƙwarya biyu ta goro ko turmi uku na atamfa, sai dai su komai da nasa. In ka rasa ka ce gè, za a gane.

Lissafi ne ya kusa ja mana wata asarar. Su basa tsayawa a dubu, suna da 万, wàn, dubu goma a dunƙule. Dubu ɗari a wurinsu wàn goma ne, miliyan wàn ɗari. Wani da muke sayen carbi a wurinsa ya aiko murya yace liǎng wàn, na tsaya ina juyawa a kai, dubu biyu ko dubu ashirin, sai da na rubuta a takarda na ga ashirin ne, Allah ya taimaka ban amsa da sauri ba. Ranakun mako ma haka. Lamba suke basu, amma daga Litinin suke farawa, ita ce xīngqī yī, rana ta ɗaya. Mu kuma Litinin sunanta daga biyu ya fito, Talata uku, Laraba huɗu, to kan mai jin Larabci kullum sai ya zame da kwana ɗaya. Yanzu a bangon ofis na manna takarda, kuma Baffa da kansa yakan leƙo yace duba min wannan me ya rubuto. Kalmomin da na fi amfani da su basu da yawa: duōshao qián nawa ne, tài guì le ya yi tsada, yǒu akwai, méiyǒu babu, lǎobǎn mai gida, péngyou aboki, xièxie na gode. Tsohon tsarin HSK, jarrabawar da ake auna iya Sinanci da ita, matakin farko kalma 150 ne, na wuce su a baki, a rubuce ina wajen haruffa ɗari biyu da wani abu. Jadawalin gwamnatinsu na 2013 ya sa 3,500 a sahun waɗanda ake amfani da su yau da kullum. Na san tafiyar da nisa, kuma akwai satin da aiki ke yawa lokacin Ramadan da na rasa kusan talatin na dawo na sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Abin yana min ciwo in na ga harafin da na sha wuya a kansa ya zama baƙo, amma karo na biyu baya ɗaukar lokaci irin na farko.

Bayan Hajjin da ya wuce da 'yan kwanaki na kai kaya wani shago a Aziziyya ta Makka. Ina jiran a ƙirga sai ga wasu alhazai tsofaffi da fararen huluna da jakunkuna iri ɗaya, a jikin jakar an rubuta 中国. Ban fassara a kai ba, karantawa kawai nayi, Zhōngguó, Chana, kamar yadda zan karanta Kano a jikin mota. Gabana har faɗuwa ya yi. Wani dattijo mai ɗan siririn gemu fari yana juya carbi yana ta nuna wa mai shago yatsu, babban yatsa da ɗan ƙarami a miƙe sauran a naɗe, mai shago ya ɗauka biyu yake nufi. Na san wannan, shida ne, da hannu ɗaya suke ƙirga har goma. Na matsa na yi masa sallama ya amsa cikakkiya, sannan nace liù gè ma, guda shida ne? Ya juyo ya kalle ni, baƙin mutum da jallabiya a Makka, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya fara zuba magana wadda ban kama ko kashi ɗaya cikin goma ba, don harshensu na can arewa maso yamma ya bambanta da wanda nake ji a darasi. Na dai ji Gansu, na ji Línxià. Nace masa wǒ shì Háosà rén, ni Bahaushe ne, bai gane ba, nace Nírìlìyà, ya gyaɗa kai yana murmushi.

Daftarina yana aljihu kullum, na fito da shi na nuna masa. Ya sa tabarau ya bi shafukan a hankali kamar malami yana duba allo. Ya karɓi biro ya rubuta 回, Huí, sunan al'ummarsu, akwati a cikin akwati, ya nuna ƙirjinsa. Ya rubuta 清真寺, qīngzhēnsì, masallaci, ya nuna wajen Harami. Biyun farkon su ne halal ɗinsu da ake gani a ƙofar gidan abinci. Juma'a kuma yace zhǔmá, na ji ta sarai. Sai ya zaro wani ɗan littafi da ya tsufa daga jakarsa ya buɗe min, haruffan Larabci ne tsaf da wasali, na fara karantawa na ji ba Larabci bane. Sinanci ne da haruffan Larabci, suna kiransa xiǎo'érjīng. Ajami! Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, don irin takardun da kakata take ajiyewa a cikin adaka kenan, waƙoƙin wa'azi na Hausa da baƙi da wasali. Na karɓi biron na rubuta masa da ajami, sannu da zuwa, ya haɗa baƙaƙen ya karanta shi daidai, san-nu da zu-wa, bai san me yake faɗa ba ni ma ban san me littafinsa yake faɗa ba, muka tsaya muna kallon juna muna dariya. A jakar tasa akwai mus'hafi mai fassarar Ma Jian bugun Madina, inda aka buga fassarar Malam Abubakar Gumi da ke kan kantar ɗakina.

Kafin jagoransu ya kira su ya buɗe shafin da na cika da 国, ya girgiza kai kaɗan, ya nuna min na ciki ya yi ƙanƙanta yana lilo a tsakiyar akwatin, ya rubuta nasa a gefe ɗaya tak, a zaune daram. Sannan a ƙasa ya ja wasu haruffa huɗu da sauri, rubutun hannu mai gudu wanda ja yake shiga cikin ja. Na gane na farko da na uku. Sauran biyun na zana wa waya ta kasa, 'yar yayata ma ta juya daftarin ta kasa. Tace in bata ta kai wa malamarsu in an koma makaranta, nace a'a daftarin nan baya barin hannuna, ta ɗauki hoto dai. Ranar Lahadi suke komawa.